Shanyewar Ɓarin Jiki da Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa: Alamomi, Rigakafi, Magani da Jinya

Gabatarwa

Shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira mutuwar ɓarin jiki, cuta ce da ke aukuwa idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Da zarar sashen ya rasa jini, cikin 'yan mintoci zai soma mutuwa, gaɓoɓin da yake sarrafawa kuma su daina aiki. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, na dama kuma ke juya na hagu. Shi ya sa ciwon ke kama ɓari guda. A karkara akan danganta wannan ciwo da iska ko sammu, amma asalinsa daga jijiyoyin jini yake, kuma hawan jini ne babban dalilinsa.

Ire-iren Ciwon

1. Toshewar jijiya: gudan jini ko kitse ya toshe hanyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya fi yawa.

2. Fashewar jijiya: jijiya ta tsage, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa ko kewayenta. Wannan ya fi saurin kisa.

Akwai kuma ƙaramar shanyewa, wadda alamominta ke bayyana su gushe cikin 'yan mintoci ko awoyi. Wannan gargaɗi ne cewa babba na iya biyo baya cikin kwanaki kaɗan, don haka wajibi ne a je asibiti a ranar, ko da an ji garau.

Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya kasance cikin jagororinsa, an gudanar da shi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 1 cikin 3 na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su, kuma kimanin kashi 9 cikin 10 na ciwon yana da nasaba da hawan jini.

Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa

Wani lokaci bangon jijiya yakan yi rauni a wuri guda, ya kumbura kamar yadda tayar keke ke yin ƙullutu kafin ta fashe. Mutum na iya shekaru da wannan kumburi bai sani ba. Ranar da ya fashe, alamar farko ita ce ciwon kai mai tsanani ƙwarai da ke zuwa farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Sau da yawa amai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, da suma kan biyo baya. Saboda wuya na sanƙarewa, akan ɗauka sanƙarau ne. Ko wanne ne daga cikinsu, asibiti za a nufa nan take. Shan taba, da hawan jini, da samun irin ciwon a dangi na jini suna ƙara haɗarinsa.

Alamomin da Za a Lura da Su

Duk alamomin nan zuwan bazata suke yi:

• Fuska: a ce ya yi murmushi. Baki ya karkace gefe guda?
• Hannu: a ce ya ɗaga hannuwa biyu. Ɗaya ya kasa, ko yana zamewa ƙasa?
• Magana: harshe ya yi nauyi, ko kalmomi sun rikice, ko ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa?
• Gani da tafiya: ido ya dushe, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko jiri da tangaɗi.

Alama ɗaya ta isa. Ba a jiran su cika.

Abin da Za a Yi Nan Take

• A lura da lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, domin likita zai tambaya.
• A nemi mota a kai shi babban asibiti mafi kusa. Inda take aiki, ana iya kiran lambar gaggawa ta 112.
• Idan hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi.
• Kada a ba shi ruwa, ko kunu, ko jiƙo, ko rubutu ya sha. Ciwon kan hana haɗiya, abin ya bi ta maƙoshi ya shiga huhu. Addu'a kuwa ana yin ta a hanya.
• Kada a ba shi asfirin ko maganin hawan jinin wani. Idan fashewa ce, asfirin zai ƙara zubar jinin.
• Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya, ko turare. Ba sa buɗe jijiya, sai ɓata lokaci.

Magani a Asibiti

Hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke tabbatar da ko toshewa ce ko fashewa, kuma maganinsu ya bambanta. Idan toshewa ce, akwai allurar narkar da gudan jini, wadda ake yi cikin awa 4 da rabi daga farawar ciwon, a asibitocin da ke da ita. Idan kumburin jijiya ne ya fashe, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kan ɗaure wuyan ƙullutun da ɗan ƙarfe, ko su cusa siririyar waya ta cikin jijiya su toshe shi. Irin waɗannan majinyata akan tura su asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ko da an wuce waɗannan awoyi, zuwa asibiti na da amfani: za a daidaita jini da suga, a gwada haɗiya, a tare ciwon huhu.

Rigakafi

Hawan jini ba ya yin sallama. Mutum na iya noma da cin kasuwa yana ɗauke da shi. Awo ne kaɗai ke nuna shi.

• Kowane baligi ya auna jininsa aƙalla sau 1 a shekara. Idan awo ya maimaita 140 bisa 90 ko fiye, a ga ma'aikacin lafiya.
• Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Maganin hawan jini na yau da kullum ne.
• A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙasa da giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali guda. Dunƙulen miya da kanwa su ma suna cikin lissafi.
• A yawaita ganye kamar zogale, alayyafo, rama da yakuwa. A rage maiƙo da yawan nama.
• A bar taba da giya, a riƙa motsa jiki, a kula da ciwon suga.
• Mai juna biyu ta riƙa zuwa awo. Ciwon kai, da dushewar gani, da kumburin fuska a lokacin ciki ko jego alamun haɗari ne.
• Yara masu amosanin jini, wato sikila, su ma ciwon na kama su. A riƙa kai su asibiti, a tambayi likita game da awon jijiyoyin kai.

Jinya da Farfaɗowa

Mafi yawan sauƙi yakan samu ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko, amma ana ci gaba da samun ƙarfi bayan haka idan an dage. A fara gashi da motsa gaɓoɓi da wuri bisa jagorancin masana. Wanda ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya. A zaunar da shi tsaye kafin a ba shi abinci, kaɗan-kaɗan. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa. A riƙa yi masa magana a hankali, a ba shi lokacin amsawa, kada a ware shi a ɗaki shi kaɗai. Baƙin ciki da yawan kuka na daga cikin ciwon, kuma suna da magani. Wanda ya taɓa samun shanyewa ya fi kusa da sake samu, don haka shan magani da komawa asibiti wajibi ne.

Kira ga Shugabannin Al'umma

Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da limamai su tabbatar da cewa ɗakin shan magani na yankinsu yana da na'urar awon jini mai aiki. Yana da kyau kowane gari ya san direban da za a kira cikin dare, da asibitin da za a nufa, tun kafin buƙata ta taso. Ranar kasuwa, da bayan sallar Juma'a, da ranar 29 ga Oktoba, wadda ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, lokuta ne masu kyau na awon jini da faɗakar da jama'a. Rigakafi ya fi magani.