Samfuri da gwaji: yadda ake tambayar mutum dubu a san halin miliyoyi

A ilimin ƙididdiga, samfuri wani ɓangare ne da ake cirowa daga cikin jama'a ko kaya, a auna shi, a yi hukunci da shi a kan sauran. Gwaji kuwa shiri ne da ake yi domin a gano ko wani abu, kamar magani ko taki ko sabon iri, shi ne ya haddasa sakamakon da aka gani. Galibin alƙaluman da ake ji a rediyo, irin su yawan yara masu tamowa ko ingancin wani rigakafi, daga ɗayan biyun nan suka fito. Ƙa'ida ɗaya ce ta haɗa su: a bar ƙuri'a ta yi zaɓe, mai bincike ya janye hannunsa.

Ƙidaya da samfuri

Ƙidayar jama'a tana bin kowane gida ne. Nijar ta yi irin ta a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, kuma ta 2012 ta nuna mutum miliyan 17 da ƴan kai. Aiki ne mai tsada da cin lokaci, shi ya sa tsakanin ƙidaya da ƙidaya cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, take aiki da samfuri. A binciken lafiya da yawan jama'a na 2012, mata dubu 11 da ɗoriya aka tambaya, ƴan shekara 15 zuwa 49, kuma daga amsoshinsu aka fitar da alƙalamin nan da ya shahara, na haihuwar yara 7,6 ga kowace mace.

Mai sayen hatsi ya san wannan dabara tun da daɗewa. Ba ya zazzage buhu duka kafin ya saya, yana ɗibar ɗan kaɗan ya duba. Amma ya san mai sayarwa na iya shimfiɗa mai kyau a sama, don haka yakan zura hannu har ciki, ko ya soki buhun ta tsakiya da ta gindi. Wurin da aka ɗibo ya fi yawan abin da aka ɗibo muhimmanci.

Hanyoyi huɗu na zaɓen samfuri

Ta farko ita ce ƙuri'a tsantsa. A ba kowane mutum lamba, kwamfuta ta fitar da lambobi kamar yadda ake zaro takardu daga cikin ƙwarya. Kowa damarsa ɗaya da ta ɗan'uwansa. Sharaɗinta shi ne a samu cikakken jerin sunaye.

Ta biyu ita ce tsallake. Idan unguwa tana da gida 2.000 kuma ana son 100, sai a ɗauki ɗaya cikin kowane 20. Gidan farko kaɗai ake yi wa ƙuri'a. Idan lamba 7 ta fito, sai a bi 7, 27, 47 har ƙarshe. Haɗarinta shi ne tsallaken ya dace da wani abu mai maimaita kansa. Wanda ke ƙirga motocin tasha duk bayan kwana bakwai, idan ya fara ranar kasuwa, kullum ranar kasuwa zai riƙa gani.

Ta uku ita ce rabawa rukuni-rukuni. A fara kasa ƙasar jaha-jaha, birni daban ƙauye daban, sannan a yi ƙuri'a cikin kowane rukuni. Ta haka jahohi marasa yawan jama'a kamar Agadez da Difa ba za su ɓace a bayan Maraɗi da Damagaram da Tawa ba.

Ta huɗu ita ce gungu. A zaɓi ƙauyuka ko unguwanni da ƙuri'a, a je a rubuta gidajensu duka, a sake yin ƙuri'a a cikinsu. Tana rage kuɗin mota da mai, kuma manyan binciken ƙasa sukan haɗa ta da ta uku. Sai dai maƙwabta sukan yi kama da juna, rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci, don haka ana buƙatar gidaje fiye da na ƙuri'a tsantsa.

Ɗan ƙasar Norway Anders Kiaer ne ya gabatar da shawarar aiki da samfuri a taron masana na 1895. A 1934 masanin lissafi ɗan Polan Jerzy Neyman ya nuna cewa zaɓen ƙuri'a ya fi zaɓen da mutum ya yi da hankalinsa aminci, domin shi ne ake iya lissafa girman kuskurensa.

Yawa ba ya gyara karkata

Samfuri mai karkata shi ne wanda ya tsallake wani ɓangaren jama'a. Sanannen misali ya faru a Amurka a zaɓen 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai ci. Franklin Roosevelt ne ya ci da kusan kashi 61 cikin 100, Landon bai samu ko jiha uku ba. Yawancin sunayen an ciro su ne daga littattafan masu wayar tarho da masu mota, kuma waɗanda suka ga dama kaɗai suka amsa. George Gallup, da mutane ƙalilan idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Irin wannan tarko yana nan har yau. Masu buga waya a shirin rediyo, ko masu amsa tambaya a Facebook, su suka zaɓi kansu. Binciken da aka yi ta salula ya bar marasa waya, waɗanda da yawansu mata ne da mutanen karkara. Wanda ya shiga ƙauye da hantsi cikin damina zai tarar manoma suna gona, wanda ya je da rani zai tarar samari sun tafi ci-rani.

Tazarar kuskure

Ko samfuri mai kyau ba ya faɗa daidai cif. Idan an yi ƙuri'a tsantsa, mutum 100 suna ba da tazarar kusan maki 10 sama ko ƙasa, mutum 400 maki 5, mutum 1.000 kusan maki 3. Kafin a rage kuskuren da rabi, sai an ninka samfurin sau huɗu. Yawan jama'ar ƙasa kusan ba ya canza wannan lissafi, muddin tana da girma. Idan bincike na mutum 1.000 ya ba wani ra'ayi kashi 51, ɗayan kashi 49, ba a iya cewa ga wanda ya rinjaya. Wannan tazara kuwa ta sa'ar ƙuri'a ce kawai, ba ta auna karkata.

Tsara gwaji

A ce an lura manoman da ke sa takin zamani sun fi samun damma. Wannan bai isa hujja ba, domin mai kuɗin taki sau da yawa shi ne mai shanun noma da gona mai kyau. Ba a san rabon taki a cikin albarkar ba. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya tsara mafita, ya kuma tattara ta a littafinsa na 1935 kan tsara gwaji.

Da farko a samu abin kwatantawa, wato fegin da ba a sa wa taki ba. Na biyu, ƙuri'a ta raba wanda zai samu da wanda ba zai samu ba. Na uku, a maimaita a fegi da yawa. Na huɗu, a haɗa masu kama da juna, jigawa da jigawa, fadama da fadama, a yi ƙuri'ar cikin kowane rukuni. Bisa wannan tsari ne cibiyoyin binciken noma irin su INRAN ke gwada sabon iri.

A fannin lafiya akan ƙara da ɓoyewa. Rukuni ɗaya ya sha magani, ɗayan ya sha na kwaikwayo, mai kama da shi amma babu sinadarin a ciki, kuma maras lafiya da likita duka ba su san wa ya samu wanne ba. Ba a sa kowa sai da yardarsa ko ta iyayensa, bayan kwamitin ɗa'a ya amince.

An yi irin wannan gwaji a gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi, kan rigakafin ƙwayar rota mai haddasa zawo ga jarirai, wanda ake ɗigawa a baki kuma yake jure zafi. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya shafi jarirai 3.508. An samu zawon rota mai tsanani sau 31 a rukunin rigakafi, sau 87 a rukunin na kwaikwayo, wato kariya ta kusan kashi 67 cikin 100. A gwajin MORDOR kuma, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, garuruwa aka raba da ƙuri'a, aka riƙa ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar maganin azitromisin sau biyu a shekara. A ɓangaren Nijar, cikin Boboy da Loga na jahar Doso, rahoton 2018 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kusan kashi 18 cikin 100.

Abin da ya kamata a tambaya

Ƙuri'ar samfuri ce ke ba da damar yin magana da sunan jama'a duka. Ƙuri'ar gwaji ce ke ba da damar cewa wannan ne ya jawo wancan. Don haka duk wanda ya ji alƙalami yana da haƙƙin tambaya: su wa aka tambaya, wa ya zaɓe su, su nawa ne, su wa aka bari a baya, kuma da me aka kwatanta? Rahoton da aka yi bisa ƙa'ida yakan amsa waɗannan tambayoyi tun a shafukansa na farko.