Sinadarin Furojestaron da Matsalar Ɓari: Binciken Birmingham da Matan Hausawa Mazauna Moss Side

Tsakure

Maƙalar ta dubi aikin furojestaron a jikin mace, da sakamakon gwaje-gwaje biyu da Jami'ar Birmingham ta jagoranta. Matsayarta ita ce amfanin maganin furojestaron wajen hana ɓari ya rataya ne a kan tarihin ɓarin da mace ta taɓa yi, kuma ga baƙuwa a Ingila, wannan tarihi a bakinta kaɗai yake.

Aikinsa a jiki

A 1929 George Corner da Willard Allen suka nuna a Amurka cewa gurbin da ƙwai ya fito daga cikinsa yana fitar da wani sinadari mai riƙe ciki, aka kuma tace shi a 1934. Jiki na haɗa shi daga kolestarol. Da zarar ƙwai ya fita, gurbin nan sai ya zama wani ɗan kulli rawaya mai zuba furojestaron cikin jini. Shi ne ke gyara shimfiɗar mahaifa ta yi taushi, ya kaurara majinar bakin mahaifa, ya hana naman mahaifar murɗawa, ya kuma ɗan ɗaga zafin jiki. Idan ciki bai shiga ba, kullin yakan mutu cikin kwana 14 ko kusa da haka, sinadarin ya faɗi, haila ta zo. Idan ya shiga, kullin ke ɗauke da nauyin har mabiyiya ta karɓa tsakanin mako na 7 da na 9.

Abin da gwaji ya nuna

Tunanin cewa ƙara wa mace sinadarin zai hana ɓari ya daɗe, amma hujja ta yi jinkiri. Farfesa Arri Coomarasamy ya jagoranci gwajin PROMISE da aka wallafa a 2015, a kan mata 836 masu yawan ɓari ba tare da sanannen dalili ba. Kashi 65.8 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun haifi ɗa mai rai, waɗanda ba a ba su ba kashi 63.3, ratar da ba ta isa hujja ba.

Gwajin PRISM na 2019 ya fi faɗi: mata 4,153 masu zubar jini a farkon ciki, a asibitoci 48 na Birtaniya. A dunƙule, kashi 75 ne da 72. Sai da aka ware su bisa tarihi sannan bambanci ya fito fili. Cikin waɗanda suka taɓa ɓari sau uku ko fiye, kashi 72 sun sauka lafiya da maganin, kashi 57 ba tare da shi ba. Wadda ba ta taɓa ɓari ba kuwa, ba a ga ya ƙare ta da komai ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar ƙwayoyin gado yake, abin da babu sinadarin da zai gyara.

A Nuwamba 2021 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta shigar da wannan cikin ƙa'idarta: mai ciki da ta ga jini, ta kuma taɓa ɓari, aka yi hoto aka tabbatar cikin yana cikin mahaifa, a ba ta miligiram 400 na furojestaron na matsi sau biyu a rana. In an ga bugun zuciyar ɗan tayi, ta ci gaba har ta cika mako 16.

Inda gizo ke saƙar

Daga unguwar Moss Side ta Ingila zuwa asibitin St Mary's da ke titin Oxford, wanda aka kafa tun 1790, tafiyar ƙafa ce. Nisa ba shi ne matsala ba. Matar da ta yi ɓari biyu a Kano ko Maraɗi kafin ta zo, ba lalle takardunta na hukumar lafiya ta NHS su san da su ba. Wataƙila a ɗaki aka yi, uwa ko gwaggo ta dafa mata ruwan zafi, aka ce rabo ne bai tsaya ba, ba a sake tayar da zancen ba. Wata ma ba za ta kira shi ɓari ba, sai ta ce ɓatan wata ta yi jini ya ɓalle, ko ciki ne ya kwanta. In ungozoma ta tambaye ta da Turanci, a gaban miji ko ta bakin tafinta namiji, kunya na iya sa ta ce a'a. Da wannan kalma ɗaya ta fita daga sahun waɗanda ƙa'idar ta tanadar wa magani.

Abin ya fi damun mai wannan nazari saboda mujallar Lancet ta bayyana a 2021 cewa haɗarin ɓari ga mata baƙar fata ya ɗara na farare da kashi 43 cikin ɗari. Ga kuma al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki har ya yi ƙwari, alhali makonnin nan na farko su ne lokacin da maganin ke aiki.

Saboda haka ya kamata tambayar asibiti ta sauya salo. Maimakon "kin taɓa ɓari?", a nemi tafinta mace ta ce: "Yaya, ciki nawa kika taɓa ɗauka, har da waɗanda ba su tsaya ba, a nan ko a gida?"