Sunan Ciwo da Maganinsa: Tarihin Kwashiorkor daga Gwalkwas zuwa Mirriya

A cikin shekara ta 1929 Gwamnatin Ingila ta aika da wata likita mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, zuwa ƙasar Gwalkwas, wadda yau a ke kira Gana. Aikinta duba ƙananan yara. Ba ta daɗe ba sai ta lura da wani ciwo wanda bai yi daidai da abin da ke cikin littattafanta ba. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu sai ƙafafunsa su kumbura, fatarsa ta riƙa saɓewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ga zawo, ga ƙin abinci. Da ta bincika sai ta tarar galibinsu ba su samun nono sosai, an bar su da kokon masara. Ta rubuta bayanin ciwon a 1933, amma wani babban likita na Ingila, Hugh Stannus, ya ce ba sabon abu ba ne, felagara ce, watau ciwon da aka riga aka sani ga masu cin masara zalla.

Abin da ya ba mai nazarin harshe ta cewa a cikin wannan al'amari shi ne, likitar ta nemi sunan ciwon a bakin masu ƙasa. A harshen Ga, na mutanen babban birnin ƙasar, sunansa kwashiorkor, kuma aka fassara mata shi da cewa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Da wannan suna ta buga bayaninta na biyu a mujallar Lancet a 1935, da shi kuma ciwon ya shiga littattafan likitanci na duniya.

To, Bahaushe ba baƙon wannan tunani ba ne. Idan mace ta ɗauki ciki tana goyo, mukan ce ta yi rurrutsa, waɗansu su ce kunika, waɗansu gwanne. Abin da harshe ya yi wa suna har uku, lalle masu harshen sun daɗe suna tsoronsa. Mai karatu ya lura, sunan nan na Ga da namu duka ba su ambaci wani sinadari na abinci ba. Lokaci suka nuna, da abin da ya faru a cikin gida: ciki ya shiga, nono ya yanke, hankalin uwa ya rabu biyu. Ba na cewa tsofaffi sun gane kome. Zaton da a ke yi cewa nonon mai ciki yana ɓata yaro shi ne ke sa a yaye shi rana ɗaya, a kai shi wurin kakarsa, wannan kuwa yana ƙara ciwon ne. Sun san ranar da masifa ke shigowa, ko da ya ke sun kuskure ƙofar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai magana ta koma hannun manyan hukumomi. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci da Aikin Gona suka aiki mutum biyu, Brock da Autret, suka zaga ƙasashen Afirka, aka buga rahotonsu a 1952. Daga nan ra'ayi ya kafu cewa asalin ciwon rashin furotin ne, watau sinadarin da ke cikin nama da madara da ƙwai da wake, kuma babu wata matsalar abinci a duniya da ta fi shi girma. A 1955 aka kafa kwamiti musamman don furotin. Aka zuba kuɗi wajen neman garin kifi da garin ƙwayar auduga, har da furotin da a ke samu daga ƙananan halittu masu cin man fetur. A 1968 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto tana kashedi cewa yunwar furotin ta kusa auka wa duniya. Hotunan yaran da suka kumbura a yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, suka ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

A 1974 wani likita mai koyarwa a Bairut, Donald McLaren, ya rubuta a Lancet ɗin nan cewa an yi shekara ashirin ana bin ɓatan hanya. Hujjarsa ita ce, yaran da ke ramewa ba tare da kumburi ba sun fi masu kumburi yawa nesa ba kusa ba, kuma abin da galibin yara suka rasa shi ne isasshen abinci gaba ɗayansa. Yaron da bai ƙoshi ba, ko an ba shi furotin jikinsa ƙona shi zai yi don ya sami ƙarfi. Amma dalilin da ya sa wani yaro ke kumbura wani kuma ke ramewa, har yau masana ba su daidaita a kansa ba.

A nan ina da magana da malaman kwalejojin horon malamai. Jimlar nan da mu ke ji a rediyo, mu ke kuma koya wa almajiranmu, "ƙarancin abinci mai gina jiki", fassara ce ta ra'ayin shekarun 1950. Ra'ayin ya raunana, fassarar ta zauna daram. Uwar da ta ji ta sai ta ɗauka ana nufin nama da ƙwai, abin da ba ta da kuɗinsa, alhali kuwa da an ce mata ta ƙara kaurin kunu, ta zuba masa gyaɗa ko ɗan mai, ta ba yaro sau da yawa a yini, ta ci gaba da ba shi nono, da ta iya. Kalmar tamowa, wadda ma'aikatan lafiya suka koma amfani da ita, ta fi kusa da kunnenta.

A daidai lokacin da a ke ta neman garin kifi, wani likita, David Morley, wanda ya zo Ilesha a ƙasar Yarabawa a 1956, ya bi wata hanya dabam. A garin Imesi-Ile ya bi girman ɗaruruwan yara wata bayan wata, ya ga yadda ƙyanda da zawo da zazzaɓi da tari ke jefa yaro cikin rama. Ya kafa shan magani na 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kuma shirya katin awo wanda ke zama a hannun uwa, ba a akwatin asibiti ba. Ita ma Williams, tun 1939 ta yi lacca a Singafo tana zargin masu tallar madarar gwangwani da kisan jarirai. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar irin wannan madara, ƙasa 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi.

Babban sauyi wajen jiyya ya zo a 1996, sa'ad da wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, da kamfanin Nutriset suka haɗa Plumpy'Nut: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya. Da ya ke babu ruwa a cikinsa, ba ya saurin lalacewa, ba ya bukatar dafuwa, saboda haka ba dole a kwantar da kowane yaro a asibiti ba. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jiyyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma galibinsu a gida iyayensu mata suka ciyar da su. Abin lura, Maraɗi da Kano su ne garuruwan da suka cika jiragen Turai da gyaɗa a shekarun da a ke kukan rashin furotin. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya, Nijeriya kuma ta fara ta a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi.

Saura gane ciwon da wuri. Ana yinsa da wani ɗan zare mai launi uku wanda a ke auna damtsen yaro da shi. Idan bai kai santimita 11.5 ba, awon ya faɗa ja, yaro yana cikin haɗari. Da, ma'aikaci kaɗai ke riƙe zaren. A yankin Mirriya na jihar Damagaram ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata awon, da danna ƙafar yaro don duba kumburi, aka gwada aikinsu da na ma'aikatan ƙauye, aka tarar bai gaza ba.