Rigar Alewa a Gombe: Daga Faifai Zuwa Sitika

Lokacin da fadar Gombe ta baro Nafaɗa ta sauka Doma a 1919, kayan zaƙi ba su da wata riga sai ƙwarya da faifai. Nakiya da alkaki aikin matan cikin gida ne, kuma a gara suka fi fitowa, ranar da dangin amarya ke fitar da 'yarsu kunya. Daga baya fanteka da kwanon samira mai furanni suka ture ƙwarya, amma faifai bai sauka ba. A Jekadafari na sha ganin kakata tana zaɓen wanda za ta rufe alkaki da shi kamar mai zaɓen zanen salla: ta juya shi, ta duba saƙar bakin da rinin ja, don shi dangin ango za su fara gani.

Suna kuwa a baki yake. Mai talla ba ta ɗauke da rubutu. Da an ce "na gidan wance ne", ciniki ya faɗa. In aka yi ƙwauron zuma, kafin la'asar unguwa ta ji.

Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, kayan kamfanonin Legas suka ƙaru a kantuna. TomTom na Cadbury, da ya fito a 1970 cikin takarda mai ratsin baƙi da fari, ya koya wa yara gane alewa tun daga nesa. Sai leda ta zo: tuwon madara, gullisuwa, iloka da kantu, a liƙe bakinta da wutar kyandir. Ta tare ƙura da ƙuda, amma ta haɗiye sunan mai aikin. Na kowa ya koma iri ɗaya.

Kafa hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993, da zaman Gombe babban birnin jiha a 1996, sun buɗe wani babi. Yau matasan mata a Fantami da Tudun Wada suna zuba gullisuwa a roba mai murfi, da sitika da lambar waya, suna aikawa har Abuja.

Wannan na faranta mini rai, sai dai ina da roƙo. 'Yar'uwa, ki bar wa alkaki sunansa, kada ki ara masa baƙo. Rubuta abin da kika zuba, da ranar da kika yi shi, da ranar da zai lalace. Mai saye a Abuja bai san gidanku ba. Abin da sitikarki ta faɗa masa kawai zai riƙe, don haka ta faɗi gaskiya.