Yadda Aka Karɓi Shadow of the Erdtree a 2024

A gidajen gem na Funtua da Malumfashi ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Samari biyu su zauna gaban talabijin, kowa da abin sarrafawarsa a hannu, janareto na kuka a waje, a buga 'yan mintoci a ba wasu wuri. Wasan da zai ci wa mutum sa'o'i ɗari shi kaɗai, yana yawo da takobi a ƙasar dodanni, bai dace da wannan ciniki ba. Shi ya sa hayaniyar da aka yi a daminar 2024 kan Shadow of the Erdtree ta wuce yawancinmu, muna can muna ta shuka masara da cigiyar taki.

Tushen maganar shi ne Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar ran 25 ga Fabrairun 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Marubucin nan Ba'amurke, George R. R. Martin, shi ya tsara tarihin duniyar da wasan ke gudana a cikinta. Wasan ya ci kambun wasan shekara, kuma kafin tsakiyar 2024 an sayar da kwafi miliyan 25. A Fabrairun 2023 aka sanar cewa ana shirya masa ƙari mai suna Shadow of the Erdtree, wato sabuwar ƙasa da sababbin abokan gaba da za a ɗora kan tsohon wasan. Aka yi ta jira har 21 ga Yunin 2024.

Kada mai karatu ya ɗauka gyara ce irin ta mai awo a kasuwa. Wannan ƙarin saye ake yi, dala 40 ba kaɗan. A canjin lokacin kusan naira dubu 60 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijeriya yana dubu 30, sai a Yulin shekarar aka mai da shi dubu 70. Kuma biyan kuɗin bai isa ba. Sai ka kayar da manyan dodanni biyu na tsohon wasan, Radahn da Mohg, sannan ka taɓa wani busasshen hannu da ke reto daga cikin wani ƙwanso a fadar Mohg, ka tsinci kanka a Ƙasar Inuwa. Alƙaluman Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, na lokacin sun nuna ko rabin masu wasan ba su kai ga kayar da Mohg ba. Duk da haka, Bandai Namco mai rarraba wasan ya ce an sayi kwafi miliyan 5 cikin kwana uku.

Masu sharhi sun yaba iyakar yabo. A Metacritic, inda ake tara makinsu, ya samu 94 cikin 100, ya haura Blood and Wine, ƙarin The Witcher 3 na 2016, mai maki 92.

Masu saye kuwa kansu ya rabu. Cikin 'yan kwanaki ra'ayin jama'a a Steam ya sauko zuwa rabi yabo rabi suka. Wasu kukansu na gaskiya ne, hoto na sarƙewa a kwamfutocinsu. Amma mafi yawan ƙorafin kan wuya ne. Mutum ya shekara biyu yana gina jaruminsa, ya tara makamai, yana ji ba mai ja da shi, sai ga wani zaki mai rawa a birnin Belurat ya tattake shi da bugu biyu ko uku. Dalilin kuwa da gangan aka yi shi. FromSoftware ya warwatsa wasu gutsattsari 50 na bishiyar Scadutree a lunguna da kwazazzabai, kuma ƙarfin jarumi a wannan ƙasa ya ta'allaƙa ne da yawan waɗanda ya tsinta. Wanda ya miƙe hanya ya nufi Messmer, ɗaya daga cikin manyan dodannin ƙasar, kai tsaye, kamar manomin da ya yi shuka bai zuba taki ba ne, ya dawo yana zagin iri. A nawa ganin, rabin faɗan rashin haƙuri ne, sauran rabin kuma laifin kamfanin ne da bai fayyace muhimmancin gutsattsarin yadda kowa zai gane ba. Sai da Bandai Namco ya fito yana tunatar da mutane su je su tsinto su.

Miyazaki ya daɗe yana ƙin sanya wa wasanninsa zaɓin sauƙi, kuma bai sauya ba. Amma an ɗan sassauta. Kafin mako ya cika aka fitar da gyaran da ya ƙara amfanin gutsattsarin farko. A Satumba kuma aka rage zafin dodon ƙarshe, Radahn ɗin nan dai da ya dawo a wata siffa, wanda walƙiyarsa ke cika allo har mai wasa bai ganin inda sara zai fito.

Wata rigimar ta ɓullo a Nuwamba, da aka sa Shadow of the Erdtree cikin masu takarar wasan shekara a bikin The Game Awards, abin da ba a taɓa yi wa wani ƙari ba. Masu adawa suka ce abin da ba ya tashi sai an jingina shi da wani ba cikakken wasa ba ne. Masu goyon baya suka ce girmansa ya fi na wasanni da yawa, suka kuma tuna cewa Blood and Wine ya taɓa cin kyautar ajinsa a 2016. Ran 12 ga Disamba, a Los Angeles, aka ba Astro Bot kambun, wasan wani ɗan mutum-mutumi mai fara'a da ko yaro zai iya bugawa.