Ilimin da ke cikin ruwan baba: tarihin rini a ƙasar Beli

A ƙarni na 19, yankin da ya tashi daga kudancin Kano ya gangaro iyakar Zazzau ƙasar marina ce, kuma Beli da Zarewa da Rogo suna cikin garuruwan da aka san su da karofi, kamar yadda aka san Kura da Bunkure da Dal. Ƙasar tana ba da auduga da baba, ga itacen toka, ga fatake masu kai baƙin zane Arewa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Yawancin masu ba da wannan tarihi suna tsayawa ne kan ciniki da ayari. Ni kuwa a ganina babban abin lura yana cikin ramin kansa, domin aikin da marinan suka yi ta yi kimiyyar sinadarai ce sosai, ko da yake ba su taɓa ganin jadawalinta ba.

Ganyen baba kore ne, babu shuɗi a cikinsa. Sai an yanke shi an tara ya ruɓa, sannan wani sinadari marar launi da ke cikinsa ya rikiɗe ya zama shuɗi. Matsalar ita ce wannan shuɗin ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya kama zare. Marini sai ya zuba busasshen baba a rami, ya haɗa da toka da katsi, wato lakar gindin tsohon rami, ya bar shi kwanaki, yana motsawa da muciya, yana duban kumfar da ke tasowa, yana sunsunar wari. Abin da ke faruwa a ƙasa shi ne, toka ta ba ruwan kaifi, ƙwayoyin halitta masu son irin wannan ruwa sun cinye iskar oksijin da ke ciki, sun sauya shuɗin zuwa wani kamanni mai narkewa. Shi ya sa idan aka tsamo zane daga rami yakan fito kore-kore, sai ya sha iska a hannun marini ya juye shuɗi a gaban ido, domin oksijin ta mayar da launin yadda yake, a wannan karo kuwa a cikin zaren. A sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya yi baƙi ƙirin, sannan a kai wa masu bugu su shafa shuni su doke shi a kan gungume sai ya ɗauki ƙyallin da Buzaye ke biya da tsada.

Wani zai ce wannan gado ne kawai, ɗa ya ga uba yana yi shi ma ya yi, kuma maimaici ba ilimi ba ne. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan magana ba. Philip Shea, wanda ya kammala bincikensa kan rinin ƙasar Kano a 1975, ya nuna cewa da can a manyan tukwane ake rini, daga baya marina suka koma haƙa rami mai zurfi suna shafe shi da laso. Shi laso ana haɗa shi ne da ƙonannen katsi da gashin jima da ruwan dafara, ya daskare ya hana yoyo. Katsin kuwa ba komai ba ne illa laka da ake kwasowa daga gindin tsohon rami, a cura a busar a ƙone, a mayar da wani cikin sabon haɗi, wani kuma a yi siminti da shi. Mutanen da suka gano cewa dattin sana'arsu zai ƙara wa ruwa ƙarfi kuma ya gina musu rami mafi girma, har kuɗin rini ya sauko kasuwa ta faɗaɗa, gwaji suka yi, suka lura, suka gyara.

Amma akwai masu zarcewa su ce ashe kakanninmu sun san duk abin da Turawa suka zo da shi. Wannan ma ban yarda da shi ba, kuma faɗinsa yana cutar da yaranmu. Marini ya san toka tana aiki, ya san kanwa ma tana da irin wannan kaifi, sai dai ba shi da hanyar sanin dalilin kamanninsu. A 1807 ne Humphry Davy a Ingila ya ware fotasiyam, wanda shi ne ƙarfin toka, da sodiyam, wanda shi ne ƙarfin kanwa. A 1869 Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai a jadawali, waɗannan biyu suka faɗo a layi guda kamar wa da ƙane. Sai daga baya aka fahimci cewa kowannensu yana da ilaktiron guda ɗaya tak a zagayen waje na ƙwayar zarrarsa, wanda yake saurin saki, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Shi kansa shuɗin baba an gano ƙirarsa: zarrar kabon 16, haidurojin 10, naiturojin 2, oksijin 2. Adolf von Baeyer ne ya bayyana yadda suke a jere a 1883, kuma a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta ba tare da ganye ko ɗaya ba. Wanda ya san ƙirar abu yana iya ƙera shi a inda baba ba ya tsirowa, kuma nan ne marinanmu suka rasa abin yi.

Ba shuɗin Jamus kaɗai ya kashe karofi ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin waje ya cika kasuwa, cinikin Sahara ya ja baya, manoma suka karkata ga gyaɗa. Daga baya masu rini da yawa suka koma garin kala da soda a cikin robobi, aikin da ake gamawa a yini guda maimakon jiran rami ya nuna. Karofin Ƙofar Mata a birni, wanda ake cewa an kafa shi tun 1498, ya rayu har yau, amma a ƙauyuka ramuka da yawa sun cike da ƙasa.

Ɗalibin sakandare a Rogo ko Karaye yana haddace layin farko na jadawalin nan don jarrabawa, alhali tokar da ke murhun gidansu da kanwar da ake jefawa a kunu suna cikin layin. Darasin da ake ba shi kan karɓa da sakin ilaktiron shi ne abin da ke faruwa duk sanda zane ya fito daga rami ya juye daga kore zuwa shuɗi, kuma malamin da ya samu busasshen baba da toka da bokiti zai iya nuna masa shi a harabar makaranta cikin mako ɗaya ko biyu.