Ashirin ko Ashirin da Biyu

Buɗe tsofaffin katunan marasa lafiya a ɗakin duba ido, ka bi layin da muke rubuta ƙarfin ruwan ido: 14, 16, 18, 20. Sai ka yi tafiya kafin ka ci karo da 15 ko 17. Ido kuwa bai san cika da mara ba, mu ne muka sani.

Magabatanmu da na'urar Schiötz suka fara, wadda wani likita ɗan Norway ya ƙera a 1905. A kwantar da mutum rigingine, a ɗora masa ita a ƙwayar ido, a ga inda allura ta tsaya, a nemo lissafin a jadawali. Da ta Hans Goldmann ta fito daga Bern a shekarun 1950, sai aka ce an huta: ɗigon kashe zafi, rini mai ruwan ɗorawa, shuɗin haske, kana murza maɓalli har baka biyu su taɓa juna. Sai dai zanen jikin maɓallin bibbiyu yake tafiya. In ya tsaya tsakanin zane biyu, hannu da kansa yake ƙarasa shi. A 2005 wasu likitoci a Ingila suka jera alƙaluman a zane, suka ga cika sun miƙe tsini-tsini, suka laƙaba wa abin sunan bushiya.

Da iyakar abin ke nan, da sauƙi. Amma akwai 21, iyakar ƙarfin ruwan ido lafiyayye da muka gada daga binciken Leydhecker a Jamus a 1958. Wanda nasa ya faɗa daidai nan, ko a mai da shi 20 a ce Baba sai bayan shekara, ko a kai shi 22 a soma zancen magani. A Jos wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Dattijon da ya biyo mota daga Shendam ko Pankshin zuwa asibitin JUTH a Lamingo ko na Jankwano, in an ɗora shi kan ɗigon timolol, kuɗin kowane wata ne. In an sallame shi alhali jijiyar gani na cinyewa, bugu na gaba da ɗan jagora zai dawo. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya samu hawan jinin ido a kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama, akasarinsu ba su ma sani ba. Shi ya sa malaman kirki ke hana ɗalibi yanke hukunci da lamba kaɗai, sai ya leƙa jijiyar.

Don kauce wa wannan karkata zuwa cika, manyan bincike a Amurka sun raba aikin awon biyu: mutum ɗaya na murzawa bai ga lamba ba, ɗaya na karantawa. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa, ina za ka samo mutum na biyu? Na'urar iCare ta Finland tana fitar da lambarta da kanta, har da 17 da 19. Amma in ta saɓa da Goldmann, har gobe Goldmann muke rubutawa a kati.